Tsoffin faya-fayan sonata na piyano: wa ya saurara, me kunnensa ya ji?

Mai Garmaho: Assalamu alaikum. Kwanan nan nake sauraron sonatocin Beethoven guda 32 (sonata dogon kiɗa ne mai sassa-sassa) da makaɗin piyano Artur Schnabel ya kaɗa a Landan tsakanin 1932 da 1935. Shi ne ya fara ɗaukar su duka a faifai. Wani abokina ya ce wahalar da kaina nake yi, tunda ga na zamani nan tas-tas. To, waɗanda suka saba da tsoffin ɗauka, da me kuke auna su?

Ɗan Zazzau: Wa alaikumus salam Malam. Gaskiya da farko ƙarar faifan ta hana ni sakat, shuu ɗin nan kamar ana suya a kasko. Bayan ɗan lokaci kunne ya daina kula ta. Abin da ban iya jurewa ba shi ne farkon sonata ta 29, wadda ake kira Hammerklavier. Schnabel ya nace sai ya bi gudun da Beethoven ya rubuta, yatsunsa suka kasa biyo shi, sauti ya yi ta cakuɗewa. Amma ka je sashe na uku, mai tafiyar hawainiya, ka ji yadda yake jan zaren waƙar ba ya tsinkewa. Saboda wannan kaɗai nake komawa.

Hajiya Mai Piyano: Ɗan Zazzau, ka yi masa adalci mana. A lokacin kowane gefen faifai minti huɗu da 'yan kai yake ɗauka, kuma babu tef balle a yanke kuskure a liƙa gyara. In ka ɓata, ko dai a sake gefen gaba ɗaya ko a bar shi haka. Ni ina koyar da yara kiɗa, kuma wanda nake kunna musu shi ne Rachmaninoff yana kaɗa sonata ta 2 ta Chopin a 1930. A sashen tattakin jana'iza, da taken farko ya dawo sai ya dawo da shi da ƙarfi sosai, alhali Chopin ya rubuta a kaɗa shi da sauti ƙasa-ƙasa. Yau ɗalibi ya yi haka a gasa, alƙalai ba za su ƙyale shi ba. Ni dai duk sanda na ji sai tsigar jikina ta tashi.

Kawu Injiniya: Akwai abin da kuka tsallake. Ba faifan asali kuke ji ba, aikin wanda ya juyo shi zuwa sidi ko intanet kuke ji. Wani yana goge ƙarar har ya haɗa da muryar piyanon, sai ta fito a dakushe. Na kwatanta Schnabel ɗin nan daga kamfani biyu, na Naxos wanda Mark Obert-Thorn ya yi ya fi mini daɗi, ya bar ɗan shuu amma sautin na da jiki. Kafin ka yanke wa makaɗi hukunci, nemi wani juyin.

Ɗan Zazzau: Kawu, juyi ba ya gyara yatsan da ya taɓa inda bai kamata ba.

Baba Tsoho: Ku matasa kun maƙale wa Schnabel. Wilhelm Kempff ya ɗauki duka 32 a shekarun 1950, ya sake a 1964 zuwa 1965 da sitiriyo. Na farkon nake so, ya fi kuzari ko da yake lasifika ɗaya ce. Shi kuwa Wilhelm Backhaus, wani makaɗin piyanon, ya rasu a 1969 bai kai ga sake Hammerklavier a sitiriyo ba.

Mai Garmaho: Baba, Allah ya ƙara girma. Na Kempff ɗin, da wace sonata zan fara?

Baba Tsoho: Ta 15, Pastoral. In ka gama ka dawo mu yi musu.