Ƙashin muƙamuƙin Mama ya ƙi warkewa, likita ya ce PRP

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifiyata tana karɓar allurar zoledronic acid saboda kansar nono da ta kai ga ƙashi. Tun da aka cire mata haƙorin ƙasa gurbin ya ƙi rufewa. In ta buɗe baki sai ka ga ƙashi a fili cikin dasashi, ga mugunya, ga wari. Likita ya ce ƙashin ya mutu, sai tiyata, kuma zai sa mata PRP. Don Allah mene ne shi, yana kuwa aiki?

Wani likitan haƙori: Wa'alaikumussalam, Allah ya ba Mama lafiya. Wannan shi ake kira MRONJ, wato mutuwar ƙashin muƙamuƙi sanadiyyar magani, wani likita mai suna Robert Marx ya fara bayyana shi a 2003. Allurar tana danne ƙwayoyin da ke cinye tsohon ƙashi don sabo ya tsiro, shi ya sa rauni ke wuce sati 8 bai rufe ba. PRP kuwa jininta ne. A ɗebo a hannu, a juya a na'ura, a ware ruwan da platelet suka taru a ciki, wato ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare, masu sakin sinadaran da ke tsiro da nama da jijiyoyin jini. Amma ki sani, ƙashin da ya mutu ba ya farfaɗowa. Babban aikin shi ne a kankare shi har a kai ga mai zubar da jini, a goge kaifin gefuna, a ɗinke dasashi ya rufe ruf ba a ja shi ba. PRP ɗin taimako ne. Binciken da aka yi a kansa ƙanana ne, duk da dai da yawansu sun ga dasashi ya rufe da kyau. Ni ban ga dalilin ƙin sa ba.

Wata ma'aikaciyar jinya: In tana kan kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, a fara auna platelet ɗinta, kemo na rage su. Ta riƙa kurkure baki da chlorhexidine.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. To mu dakatar da allurar?

Likitan haƙori: A'a 'yar uwa, kada ku yi gaban kanku. Zoledronic acid yana zama cikin ƙashi shekaru, tsayar da shi yau ba zai fitar da shi ba, kuma yana kare ta daga karaya. Ki haɗa likitan kansarta da mai tiyatar su yi magana kafin a sa rana.