Tiyatar rage ƙiba: wace iri, nawa zan tanada, kuma wa zan faɗa wa?

Uwar Biyu:

Salamu alaikum 'yan uwa. Nauyina kilo 118, tsawona mita 1.63, ina da ciwon suga, ga ƙwannafi kusan kullum da dare. Likita ya kawo maganar tiyatar rage ƙiba. Don Allah masu sani ku warware mini abu uku: na cancanta kuwa, kuma wace iri ce ta dace? Me ake biya bayan kuɗin aikin kansa? Sannan dole ne sai na sanar da dangi?

Anti Nas:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Mu fara da lissafi. Ma'aunin ƙiba da likitoci ke dubawa, ana samunsa ne in an raba nauyi da tsawo sau tsawo: 1.63 sau 1.63 ya ba da 2.66, a raba 118 da shi, ma'auninki ya kai 44. Tsohuwar ƙa'ida ta 1991 ta ce ana cancantar tiyatar daga ma'auni 40 zuwa sama, ko daga 35 in akwai ciwo irin suga ko hawan jini. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan tiyata suka sauko da ita zuwa 35 ko da babu wani ciwo, da 30 ga mai ciwon suga. Ta kowace fuska kin shiga.

Iri biyu aka fi yi, dukansu ta ƙananan huji a ciki da kyamara. Na farko silif: a yanke kusan kashi 80 cikin ɗari na tumbi a fitar, a bar siriri kamar bututu. Ɓangaren da aka cire shi ya fi fitar da sinadarin da ke tada yunwa, shi ya sa sha'awar abinci take raguwa. Abin da aka cire ba ya dawowa. Na biyu baifas: a ware ɗan aljihu a saman tumbi wanda bai wuce girman ƙwai ba, a haɗa shi kai tsaye da ƙaramin hanji, abinci ya tsallake sauran tumbin da farkon hanji.

Ƙwannafin nan da kika ambata kada ki ɗauke shi da wasa. Silif yana matse tumbi, matsin ciki ya ƙaru, ruwan tsami ya riƙa tasowa maƙoshi, sau da yawa ƙwannafi ya ƙara tsanani. Baifas kuwa yakan kwantar da shi, kuma ya fi ƙarfi a kan suga. Amma baifas yana da nasa: ya fi jawo ƙarancin sinadarai a jiki, in kin sha zaƙi da yawa zuciya ta hau bugawa, gumi ya karyo, ga jiri da gudawa, saboda sukarin ya faɗa hanji a lokaci ɗaya. Kuma magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak kin yi ban kwana da su, domin suna jawo gyambo a wurin haɗin. Ki nemi a zura miki kyamara ta maƙoshi a duba tumbin kafin a yanke shawara, a kuma gwada ƙwayar cutar da ke kawo gyambon ciki.

Kada a cika miki buri. Yawanci ana zubar da kashi 25 zuwa 30 na nauyin jiki cikin shekara ɗaya zuwa biyu. A wurinki kilo 30 zuwa 35 ke nan, wato ki tsaya wajen 85. Bayan wasu shekaru, wani ɗan ɓangare na nauyin da aka zubar yakan dawo.

Malam Mai Lissafi:

Hajiya, Allah ya ba da lafiya. Ni zan tsaya kan kuɗi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tara kuɗin ranar tiyata cif-cif, a manta da abin da ke gaba da baya.

In kina da inshorar lafiya, ki karanta sashen abubuwan da ba sa biya, domin wasu tsare-tsaren sun cire wannan tiyata gaba ɗaya. Waɗanda ke biya sukan nemi shaidar nauyinki na tsawon lokaci, rahoton likita cewa kin yi ƙoƙarin rage ƙiba a ƙarƙashin kulawa na wata 3 zuwa 6, da ganin likitan halayyar ɗan Adam. Kada ki sa rana sai takardar amincewarsu tana hannunki. Amincewar da aka yi ta waya ba ta kare ki ranar biya. In sun ƙi, ki nemi dalilin a rubuce ki ɗaukaka ƙara tare da wasiƙar likitanki mai nuna cewa magani ne na suga, ba kwalliya ba.

In daga aljihunki ne, ki sa asibiti ya rubuta miki farashin dalla-dalla: kuɗin likitan tiyata, na mai allurar barci, na na'urar ɗinki da ake amfani da ita sau ɗaya a yar, kwana nawa a gado, gwaje-gwaje, da ganin likita da masanin abinci na shekarar farko. Tambayar da ta fi duka: in ɗinki ya yi yoyo aka koma ɗakin tiyata, ko aka kwantar da ni a sashen kulawa ta musamman, wa zai biya, kuma har zuwa kwana nawa bayan aiki? Yoyo ba ya yawan faruwa, mutum ɗaya ko biyu ne a cikin ɗari, amma jinyarsa tana iya ninka kuɗin tiyatar. Wanda ya ci bashi har wuya don aikin kansa, ba shi da abin tarar wannan.

Ki kuma lissafa bitamin na har abada, gwajin jini akai-akai a shekarar farko sannan sau ɗaya kowace shekara, hutun aiki na mako 2 zuwa 4, da cire fatar da ta saki in kina so, wadda inshora ba ta cika biya ba. Masu tafiya wata ƙasa don sauƙin farashi, su samo likitan da zai ci gaba da duba su a gida tun kafin su tafi, su dawo da cikakken rahoton aikin, kuma kada su yi gaggawar hawa jirgi, domin dogon zama bayan tiyata tana jawo daskarewar jini a ƙafa.

Allurai irin su Wegovy suna rage kusan kashi 15 na nauyi, amma kuɗi ne na kowane wata, kuma in an daina nauyin yakan dawo. Ki kwatanta su da tiyata a kan shekara biyar, ba wata ɗaya ba.

Yaya Mai Magani:

'Yar uwa, batun sanarwa kashi biyu ne. Akwai waɗanda dole su sani, akwai waɗanda ke ce mai zaɓi.

Dole ne babban mutum ɗaya da zai kwana gida ɗaya da ke a makonni biyun farko ya san komai, har da alamomin haɗari: bugun zuciya ya haura 120 a minti, zazzaɓi, ciwon ciki mai ƙaruwa, ciwo a kafaɗar hagu, numfashi sama-sama, ƙafa ɗaya ta kumbura. Ko ɗaya daga ciki, asibiti nan take, ba a jiran gari ya waye. Amai da ya ƙi tsayawa kwanaki shi ma na gaggawa ne, domin bitamin B1 yana ƙarewa cikin 'yan makonni, ya taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Duk likita ko mai ba da magani da za ki gani nan gaba shi ma ya sani. Maganin suganki za a rage shi tun a asibiti, in ba haka ba suga ya faɗi ƙasa warwas. Maigida kuwa ya san ba a so a ɗauki ciki sai bayan wata 12 zuwa 18, ga shi haihuwa tana sauƙaƙa da zarar nauyi ya fara sauka, kuma bayan baifas ƙwayar tazarar haihuwa ba abin dogaro ba ce, a nemi wata hanya.

Mutanen gida za su gani da idonsu, don haka gara ki shirya su. Mako biyu kafin aiki za ki ci abinci mai ƙarancin kuzari don hanta ta rage girma, likita ya samu wurin aiki. Bayan aiki ruwa-ruwa na mako ɗaya zuwa biyu, sai markaɗaɗɗe, sai mai laushi, sai wajen mako na shida zuwa takwas ki koma abinci sosai, shi ma cokali kaɗan ki ji kin ƙoshi. Ruwa lita ɗaya da rabi a rana, kurɓi-kurɓi, a bar minti 30 tsakaninsa da abinci. Furotin, wato sinadarin gina jiki, giram 60 zuwa 80 a rana. Kalsiyam, wato sinadarin ƙarfafa ƙashi, miligiram 1200 zuwa 1500 a rana a rarrabe, kada a haɗa shi da ƙwayar ƙarin jini a lokaci ɗaya don yana hana ta shiga jiki sosai. Daga wata na uku zuwa na shida gashi yakan zuba, ki ga ya cika matsefi, daga baya ya tofo. In ba a san dalili ba, masu ƙaunarki za su tsorata su hau yi miki ɗura.

Sauran jama'a, wurin aiki takardar likita ta hutun tiyata ta wadatar. Mai tambaya ki ce, "Ina ƙarƙashin kulawar likita, kuma lafiyata ƙalau." Abu ɗaya nake roƙo: in mai fama da ƙiba kamarki ta tambaye ki tsakani da Allah, kada ki ce mata rage cin abinci kawai kika yi. Za ta koma ta yi ta azabtar da kanta tana ganin ita ce ta gaza.

Uwar Biyu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti, taba fa? Maigida yana sha, ni ba na sha.

Anti Nas:

Mai sha da kansa ana so ya daina aƙalla mako 6 kafin aiki, saboda taba tana hana ɗinki warkewa kuma tana jawo gyambo bayan baifas. Ke ki faɗa wa likitan cewa ana sha a gidan, shi kuma maigida ya daina sha a ɗakin da kike, tun daga yanzu.