RAV4 ko CR-V: wai da gaske Honda ba motar hanyarmu ba ce?

Maman Khalifa: Salamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. Motoci biyu aka nuna mini, duk tokunbo, Toyota RAV4 ta 2008 da Honda CR-V ta 2010. CR-V ɗin ta fi sauƙin kuɗi, cikinta ma ya fi tsabta, amma maigidana ya ce ko kyauta ba ya son Honda. Zirga-zirgata Kano zuwa Zariya ce, da yara.

Alhaji Dillali: Wa alaikumus salam. Hajiya, maigidanki ya san mota. RAV4 ba ta lalacewa, Honda kuwa ƙafa take cirewa a tsakiyar titi. Kuma Toyota kuɗi ce a ajiye, ranar da kika gaji da ita kafin la'asar an saya.

Oga Bakanike: Alhaji, da girmanka, wannan zancen bakin kasuwa ne. Wadda ta ja wa Honda wannan suna Accord ce. Tsarin ƙafarta ta gaba, nauyin mota a kan bol-joyin na ƙasa yake, wato mahaɗin da ke riƙe taya, in ya cinye aka ƙyale shi ko aka sa jabu, sai taya ta kwanta. CR-V tun daga 2002 ta bar wannan tsari, shokozoba da sifirin ne ke ɗauke da nauyin, kamar dai RAV4 ɗin. Laifin Accord ake ɗora wa ƙanwarta CR-V.

Alhaji Dillali: Mai saye ba ya tambayar sifirin, Oga. Honda ya gani a goshi, ya rage kuɗi.

Oga Bakanike: Wannan kam gaskiyarka, shi ya sa ma Hajiya ta same ta da sauƙi. Amma "ba ta lalacewa" ɗin ce ban yarda ba. Hajiya, wane inji ne a RAV4 ɗin?

Maman Khalifa: An ce mini 2.4 ne.

Oga Bakanike: To nan gizo ke saƙa. Wannan shi ne 2AZ, injin da ke cikin Camry Muscle ta farko-farko. RAV4 ta 2006 zuwa 2008 shi take ɗauke da shi, kuma an san shi da shan baƙin mai, matsalar ringin fistin ce. Kamfanin da kansa ya amsa, har ya tsawaita garanti a Amurka saboda ita. Abin haushin, ba lalle ki ga hayaƙi ba. Mota na tafiya lafiya, a ƙasa babu ɗigo, sai an zaro geji a ga ya bushe. Wanda ba ya buɗe bonet sai ranar juye, wata rana a hanyar Kwanar Dangora zai ji ƙara. Ba duka ke yi ba, amma ba a gane mai yi da zagaye ɗaya a filin dillalai. Daga 2009 aka koma 2.5, wannan kam sai hamdala.

Injiniya: In ƙara da giya. RAV4 mai silinda huɗu ta wannan zubi giya huɗu gare ta, CR-V ta 2007 zuwa 2011 biyar. A doguwar hanya za ki ji bambanci, injin Honda ɗin ya fi nutsuwa. Akwai RAV4 mai V6 3.5, doki 269, giya biyar, gudu kamar me, amma tun da aka cire tallafin fetur a 2023 ban ga mai nemanta da zumuɗi ba.

Ɗan Zariya: Kun taru kun yi wa Alhaji rubdugu. Ku faɗi na Honda mana. Tawa kwamfuresar AC ce ta mutu a watan Afrilu, yara suka dawo gida sharkaf da gumi. Ba ni kaɗai ba ne, tsofaffin CR-V an san su da wannan.

Oga Bakanike: An san su, ƙanena, ba musu. Kuma giyarta ba ta son ha'inci. Man giyar Honda, DW-1, shi za a zuba. Yaran gareji su ɗauko kowane jan mai su ɗura, bayan wata biyu giya ta fara fizga, a ce Honda ce. In mai jan ƙafa huɗu ce, akwai man aksul na baya shi ma nata ne daban, in ya tsufa za ki ji gurnani wajen shan kwana.

Alhaji Dillali: Kun ji ko? Da bakinsa ya faɗa. Mota mai zaɓen abinci! Toyota ko a ƙauye ta tsaya akwai mai taɓa ta. Ku shiga Ƙofar Ruwa ko Fanteka ku ga kayan wa suka fi yawa.

Injiniya: Kayan Toyota sun fi yawa, jabunsu ma sun fi yawa. Injin CR-V kuma K24 ne, dangin na Accord, ba baƙo ba ne a wajen masu gyara. Da Hajiya ta ce ta 2015 ce mai giyar CVT, wadda ba ta da matakan giya irin na saura, ko ta 2017 mai turbo 1.5, da na ce ta yi tunani, don waɗannan sai bakaniken da ya san su. Ta 2010 ba ta da ko ɗaya.

Maman Khalifa: Ni abin da na lura, ƙofar bayan RAV4 gefe take buɗewa, ga nauyin taya a jikinta. Da na buɗe sai ta tare ni daga bakin titi.

Injiniya: Don masu tuƙi a hannun hagu irin Japan aka tsara ta. A nan sai ki zagaya da kaya. A 2013 suka mai da ita mai ɗagawa sama.

Alhaji Dillali: Ranar da taya ta yi faci but cike da buhuna, za ki gode wa wannan ƙofa. Mai CR-V sai ya sauke komai a gefen hanya kafin ya kai ga safaya.

Ɗan Zariya: Wannan kam Alhaji ya ci.

Oga Bakanike: Ya ci ɗaya. Hajiya, tsakanin waɗannan biyun da kika ambata, CR-V zan ɗauka. Amma a kai ta gareji tukuna, a sa kwamfuta, a ɗaga ta a duba tsatsa a ƙasa, don motocin jihohin ƙanƙara na Amurka gishirin hanya na cinye su. A kunna AC a bar ta a tsaye da rana tsaka. Takardun kwastan ma a tantance.

Maman Khalifa: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Sauran aiki shawo kan maigida.

Alhaji Dillali: Kafin ki wahalar da kanki, Hajiya, akwai RAV4 ta 2010 mai 2.5 a hannuna. Sai dai kuɗinta ba na CR-V ba ne.