Rahoton bashinka: abin da na tsinta a majalisa

Jiya a majalisarmu ta Tudun Wada, Zariya, hira ta koma kan masu neman rance banki ya hana su ba dalili.

Aka ce dokar rahoton bashi ta 2017 ta ba kowa damar karɓar rahoton bashinsa kyauta sau ɗaya a shekara, wato tarihin bashin da ya ci da yadda ya biya, wanda banki ke dubawa kafin ya ba da rance. Kamfanoni uku ke da lasisin Babban Banki na haɗa wannan rahoto: CRC, FirstCentral da CreditRegistry. Ka tanadi BVN ɗinka.

Kan batun duba rahoton aka fi daɗewa ana hira. Wani ɗan kasuwar Sabon Gari ya ce bashin manhajar waya da ka biya tuni kan iya fitowa kamar ba ka biya ba. In ka ga haka, rubuta wa kamfanin da ya ba ka rahoton ƙorafi ka haɗa da rasit. Ni kam gara a duba duka ukun, don bayanansu kan bambanta.