Ƙwaƙwalwar kamfani ko mai zaman kanta: muhawarar masu ƙara wa mota ƙarfi

Mai Supra: Salamu alaikum jama'a. Magana ɗaya zan faɗa, wanda zai ji haushi ya ji. Duk wanda ya ce yana ƙara wa motar gudu ƙarfi, amma har yau ƙwaƙwalwar da kamfani ya sa, wato kwamfutar motar, ce ke juya masa inji, wasa yake yi. A cire ta a sa mai zaman kanta, wato wadda ake saya daban a saita yadda ake so, Haltech ko Link, ko MoTeC in aljihu ya kai. Ita kaɗai ce za ta sakar maka mai da taimin da matsin turbo a hannunka. Filashin da ake yi wa ta kamfani, wato sake rubuta manhajar cikinta, kwaskwarima ce kawai.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Kafin mu yi nisa, ƙanena, wace Supra ce a hannunka? Tsohuwar mai 2JZ da ta fito a 1993, ko sabuwar mai injin B58 na BMW?

Mai Supra: Tsohuwar, yallabai. Na cire ƙananan turbo biyun nan na sa babba guda ɗaya.

Injiniya: To a kan motarka ba ni da ja. Ƙwaƙwalwar wancan zamani ba ta karɓar filashin yadda ta yanzu ke karɓa, an tsara ta ne don turbo biyu masu shigowa ɗaya bayan ɗaya, kuma da matsi ya wuce abin da ta sani sai ta yanke mai. Ga tsufa, kafasitocin cikinta ma sun fara yoyo a motoci da yawa. Cire ta shi ne daidai. Inda muka rabu shi ne da ka ce "duk wanda". Ɗauki mota irin Golf R ko sabuwar Supra ko GT-R ta 2007 zuwa sama. A waɗannan, in ka taka totur ba iska kake buɗewa kai tsaye ba, roƙo kake aikawa. Ƙwaƙwalwa ce ke lissafa ƙarfin juyin da za ta bayar, giyabos ya ce mata ta sassauta na ɗan ƙiftawar ido zai canza giya, na'urar hana santsi ita ma ta sa baki. Duk wannan hirar a kan wayoyi biyu na CAN, layin da kwamfutocin mota ke magana da juna, take gudana. Ka zare ƙwaƙwalwar, ka zare mai amsa musu. Dashbod ya cika da fitilu, esi ya ƙi kamawa, makullin ma motar ba ta gane shi.

Mai Supra: Ai akwai waɗanda ake jonawa kai tsaye. Syvecs da MoTeC duk suna da na GT-R, suna magana da giyabos lafiya lau.

Injiniya: Akwai, amma na motoci ƙalilan ne da kamfanonin suka zauna suka warware saƙonninsu ɗaya bayan ɗaya. Sannan mutumin da ya canza salansa da matatar iska kawai, ya ɗan ɗaga matsi, me zai samu a can wanda EcuTek ko COBB ko Hondata ba su ba shi ta kan ƙwaƙwalwarsa ta asali ba? Har canza saiti daga sitiyari da karɓar man E85, mai yawan itanol, ana yi a wasu motocin ta filashin.

Baba Makaniki: Yara, ku bar ni in sa baki. Tun zamanin kafireto nake wannan aiki, kuma abin da ya canza kaɗan ne. Inji iska yake zuƙa, a ba shi mai daidai iskar, a ba shi wuta a kan lokaci. Ƙarfi daga nan yake zuwa. Akwatin ba ya ƙara doki ko ɗaya. In ƙwaƙwalwar kamfani ta ba da mai daidai da taimin daidai, mai zaman kanta ita ma ta ba da irin wannan, abin da za ka gani a daino, na'urar auna ƙarfin inji, iri ɗaya ne. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Mai Supra: Baba, na yarda akwati ba ya ƙara doki. Amma shi ke ba ka damar amfani da abin da ka saya. Ka sa manyan nozul, ka sa babban turbo, sensar auna iska ta kamfani ta kai ƙarshen abin da take iya karantawa, daga nan ƙwaƙwalwa ta makance. Skyline GT-R ta 1989 sensa biyu gare ta irin wannan, kowa ya san inda suke tsayawa.

Baba Makaniki: Wannan gaskiya ne, ɗana. Shi ya sa ake komawa auna matsin da ke cikin manifol, bututun da ke raba iska ga silinda, da zafin iskar, a lissafa sauran. Amma wa zai yi lissafin? Nan nake so ku tsaya.

Mai Wayarin: Baba ya taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Mutane na ganin bidiyon mota a kan daino, an danne totur, layi ya hau sama, sai su ɗauka aikin ke nan. Wallahi wannan ne mafi sauƙi a cikin saitin. Cikakken totur layi ɗaya ne ko biyu a jadawalin mai. Wahalar tana sauran wuraren: tayar da inji da asuba yana sanyi ƙalau, silo ya zauna lokacin da fanka da esi suka kama tare, ɗan taɓa totur a cunkoso ba tare da mota ta yi tsalle ba, sake tayarwa bayan an kashe ta da zafi mai ya dahu a bututu. Kamfani ya kai motarsa ƙasar ƙanƙara da hamada da kan tsauni ya gwada duk waɗannan. Kai kuma mai saitinka yini ɗaya ya ba ka. Kuma tayarwar sanyi sau ɗaya ake samunta a rana, da inji ya ɗumama shi ke nan sai gobe.

Sai kuma aikina, wanda ba a ganinsa a hoto. An taɓa kawo min mota mai injin RB na Nissan, an sa mata ƙwaƙwalwa mai tsada, da ta kai juyi dubu shida sai ta riƙa sarƙewa. Mai ita ya canza fulogi, ya canza kwail, yana zagin akwatin. Na buɗe bayanan da ta naɗa a kwamfuta, layin juyin inji maimakon ya hau sumul sai ga shi da haƙora kamar zarto. Wanda ya yi wayarin ya ɗaure wayar sensar juyi tare da ta kwail a dami ɗaya, ya kuma haɗa musu ƙasa wuri guda. Duk lokacin da kwail ya harba, ƙwaƙwalwa sai ta ga haƙorin da babu shi. Ga shi asalin sensar Nissan ɗin, mai faifan nan mai tsaga 360, a kan kamshaf take, bel ne ke juya ta, in bel ya yi rawa taimin ma ya yi rawa. Shi ya sa masu RB da yawa ke mayar da ita kan kirankishaf da faifai mai haƙora. Akwatin ba shi da laifi ko kaɗan.

Anti Mai MX-5: Ni ina bayan Mai Supra rabi. Tawa ta 1990 ce, ba ta da CAN ba ta da komai, Megasquirt na sa mata, wadda wasu mutum biyu, Bowling da Grippo, suka fara a 2001 don masu haɗa abinsu da kansu. Abin da ba ku ambata ba shi ne ilimin da mutum ke samu. Ina zaune a kujerar gefe da kwamfuta a cinya, wani na tuƙi, ina kallon lamda, ma'aunin cakuɗin iska da mai, tana motsi, in ƙara mai a gida ɗaya na jadawali in ji injin ya sake. Da filashin fayil ake turo maka a kulle, ba ka san abin da ke ciki ba.

Injiniya: Anti, ba kowane filashin ba ne a kulle. Da HP Tuners jadawalin a buɗe yake a gabanki. Kuma masu saitin mai zaman kanta ma suna kulle nasu da kalmar sirri.

Anti Mai MX-5: Suna yi, kuma wanda ya kulle min akwatin da na saya da kuɗina ba zai sake ganina ba.

Mai Rotari: Ku masu fistin kuna da sauƙi. Injinku in ya yi nok, wato mai ya fashe da kansa ba a kan lokaci ba, sau biyu sau uku yana iya yafe muku. 13B na RX-7, injin da roto ke juyawa a cikinsa maimakon fistin, ba ya yafiya, fashewa ɗaya mai ƙarfi ba a kan lokaci ba ta isa ta karya silin kan roto, sai sauke inji. Don haka ni abin da ya kai ni ga mai zaman kanta tsaro ne, ba doki ba. Na sa sensar matsin mai, da ta baƙin mai, da ta lamda mai faɗin karatu. Na gaya wa ƙwaƙwalwa: in matsin fetur ya faɗi alhali turbo na turawa, yanke. In cakuɗin ya yi ƙarancin mai fiye da abin da na sa, yanke. In baƙin mai ya gudu gefe a kwana matsinsa ya sauka, yanke. Ta kamfani ta 1992 ba ta ma san ana auna waɗannan ba. Power FC, mai zaman kantan da muka daɗe muna amfani da ita, ita ma nok ɗin nuna maka kawai take yi da fitila, ba ta janye taimin da kanta.

Injiniya: Hujja ce mai ƙarfi, Malam, kuma a tsohuwar mota na karɓa. Amma a sabuwa abin juyawa yake. Ta kamfani tana sauraron nok silinda bayan silinda, an kuma koya mata muryar wannan injin takamaimai. Mai zaman kanta tana da wurin jona sensar, amma kurma ce sai an saita ta. Silinda mai faɗin milimita 86 irin ta 2JZ nok ɗinta na fita ne wajen kilohaz 6 zuwa 7, sai mai saiti ya sa abin sauraro a kunne, ya bambance ƙarar bawul da ta nok a kowane juyi, ya ja layi. Mutum nawa ne ke yin wannan? Da yawa a kashe suke barinta, mai mota na tafe yana ganin yana da kariya.

Mai Supra: To wannan laifin mai saiti ne, ba na akwati ba.

Baba Makaniki: Ai abin da nake faɗa ke nan tun ɗazu, ɗana.

Mai Supra: A'a Baba, bambancin shi ne ni in na samu gwani ba ni da iyaka. Shi mai filashin ko gwanin duniya ya samu, in kamfani ya rufe ƙofa shi ke nan. BMW ta kulle ƙwaƙwalwar Bosch ɗinta a motocin da aka ƙera daga tsakiyar 2020, har da Supra, sai da aka riƙa ciro ta ana aikawa a buɗe. Corvette C8 ma an daɗe ana fama kafin a shiga. Gobe su ƙara kullewa.

Injiniya: Su ƙara, kuma a nan ne mai zaman kanta ke da wahala ita ma. Waɗannan injinan kai tsaye suke fesa mai cikin silinda da matsin bar 200 zuwa 350. Nozul ɗinsu na buƙatar wuta ta daban, famfon ma sai an bi shi da lokacin kamshaf. Ba kowane akwati ke iyawa ba. Shi ya sa da yawa ke barin ta kamfani a wurinta, su ƙara nozul na biyu a manifol da ƙaramin akwati mai kula da su kaɗai.

Na Kalifoniya: Akwai abin da ba wanda ya taɓo. A nan Amurka dokar tsaftar iska ta hana taɓa na'urorin rage hayaƙi a motar da ke hawa titi, shi ya sa za ku ga an rubuta a kwalin cewa na filin tsere ne kawai. Tun 1996 kowace mota da OBD-II take zuwa, wato tsarin da mota ke duba lafiyar kanta, wurin gwajin hayaƙi kuma jona kwamfuta suke yi su tambayi ƙwaƙwalwa ko ta gama duba kanta. Mai zaman kanta ba ta da amsar da za ta ba su. Kuma Injiniya kada ka yi murna, tun Yulin 2021 a jiharmu in aka ga manhajar da ba ta kamfani ba ce, ba ta kuma da amincewar CARB, hukumar tsaftar iska ta jihar, motar ta faɗi. Filashin ma ya shiga.

Injiniya: Ya shiga, amma ni ina iya mayar da fayil ɗin asali cikin mintuna. Shi sai ya kwance wayarin.

Mai Wayarin: In an yi da adafta ba a yanka wayar kamfani ba, shi ma cirewa ce da jonawa. Matsalar manyan nozul ɗin da ke jiki, ta kamfani ba za ta iya da su ba, kai ma da fayil ɗin asalin haka za ka tarar.

Anti Mai MX-5: Mai Supra, wane mai kake sha? In E85 kake nufi, ka tuna shi kusan 9.8 ne na iska kan ɗaya na mai, fetur kuma 14.7. Fiye da kashi 30 cikin ɗari za ka ƙara. Famfo da nozul ɗinka sun kai?

Mai Supra: Nozul sun kai, Anti. Famfo ɗaya ne har yanzu, ina jiran na biyu. Sensar gane yawan itanol ma na saya ban jona ba.

Mai Rotari: To kada ka taka ta sosai kafin ya iso. Ka sa sensar matsin mai tukuna, ka kunna yankewar.

Mai Supra: Zan yi. Amma har yanzu ina nan kan bakana, mota ba ta zama taka ba sai kana iya buɗe jadawalinta ka canza.

Injiniya: Ni ma ina kan nawa, motar bayan 2008 da ke hawa titi kullum a bar mata ƙwaƙwalwarta sai ta gaza.

Mai Wayarin: Ku ci gaba. Mai Supra, turo min bayanan da ta naɗa a giya ta uku daga juyi dubu biyu da rabi zuwa sama, ka haɗa da wutar batir da layin juyi. Ina so in ga wanda ya yi maka wayarin ya raba ƙasan sensa da na kwail ko bai raba ba.