'Yata na cankar ma'anar kalma a karatu, amma tana yawan kuskure

Assalamu alaikum. Iyaye da malamai, ku taimaka mini da shawara.

A Agege ta Legas aka haifi 'yata, shekarunta 11. Yarbanci da Turanci sun fi zama a bakinta, Hausa kuwa sai ta cikin gida. Shi ya sa na samo mata littattafan labarai na Hausa, muna karantawa bayan sallar isha. Wani malami ya ce in daina gaya mata ma'anar kowace kalma, in bar ta ta dubi abin da ke gaba da bayanta ta gano da kanta.

Dabarar ta yi aiki a wasu wuraren. Da kanta ta gane rumbu wurin ajiye hatsi ne, ranar na ji daɗi ƙwarai.

Inda muka maƙale shi ne kalmomi masu rubutu iri ɗaya, tunda rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Ta karanta "da kaka ta yi", ta ɗauka Hajiya kakarta ake nufi. "Fara ta cinye gero" kuwa, ta ce wata farar mace ce. Yarinyar da ba ta taɓa ganin gona ba, ina za ta san lokacin girbi? Kuma in ta riƙe ma'anar kuskure, da wuya ta sake ta.

Shin in gyara mata nan take, ko in jira ta kai ƙarshen shafi? Kuma kalmomi nawa baƙi a shafi ɗaya ke nuna littafi ya fi ƙarfin yaro?