Kada injin ya share gyaran hannunka

Bayan la'asar muka zauna a Garwa kan matsalar wani ɗan'uwanmu. Kwana uku ya yi yana gyara shafin rasit na wani kantin magani da hannu, da ya sake kunna injin ƙera manhajar, wato wanda ke rubuta fayilolinta da kansa, komai ya tafi. Wallahi abin ya taɓa ni.

Shawarar da ta fi ƙarfi ita ce kada ka taɓa fayil ɗin da injin ya fitar. Buɗe naka daban, ya gaji abin da ke cikin na injin, ka zuba gyaranka ciki. Canjin da zai maimaitu kuwa, a kai shi cikin samfurin da injin ke kwafa. Wasu suka dage kan adana komai a Git, manhajar da ke ajiye tarihin canje-canje, kafin sake ƙerawa. Wani mai amfani da Yii, tsarin gina manhajar yanar gizo, ya tuna mana cewa injinsa Gii yana nuna bambancin tsohon fayil da sabo kafin ya rubuta.